Takalmin Cindo a Rijiyar Yaƙi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ba ƙafa ikon taka ta, ya kuma nisanta garuruwa da juna don mai yawo ya ga abin da zai faɗa. Ni ne Nomau baduku, ɗan Tanko baduku, jikan wani baduku da ban riske shi da rai ba. Na bar garinmu ina da shekara ashirin da bakwai. Ba yunwa ce ta kore ni ba, ba kuma laifi na yi ba, tambaya ce guda ta hana ni zama. Sau uku ana kwasar samarin unguwarmu zuwa yaƙi, sau uku ana kawo mini takalman waɗanda ba su dawo ba in rage wa ƙannensu, kuma duk wanda na tambaya wa ya ce a tafi, sai ya ɗaga kafaɗa. Na zuba basilla da aska da zare a zabira, na ce sai na ga yadda sauran duniya ke yanke wannan shawara.

Bayan tafiyar wata biyar na faɗa Ƙasar Raguna Biyu. Sarkinsu yana da raguna guda biyu, fari da baƙi, kowanne ya kai girman rumbu. Duk farkon shekara ana sakin su su yi karo, har ƙasa ta girgiza. In fari ya yi nasara a zauna lafiya, in baƙi ya yi nasara a ɗaura yaƙi da duk garin da ya juya wa fuska. Suna cewa babu son kai a wannan hukunci, tunda rago ba ya cin hanci. Gaskiya ne rago ba ya ci, amma mai ba shi dusa fa? Na ga farin da idona, haƙarƙarinsa a waje, shi kuwa baƙin ƙiba har ta rufe masa ido.

Kwana biyu da isowata baƙi ya yi nasara, aka bi gida-gida ana kama maza, aka haɗa da ni. Da suka ji sana'ata sai suka zaunar da ni ina ɗinka wa mayaƙa takalma. Na ɗinka wa kaina guda, na juya tafinsa, dunduniya a gaba yatsu a baya. Ran nan da rana tsaka masu gadi na cin tuwo na sulale na nufi gabas, sawuna na nuna yamma. Daga kan tudu na hango su sun bi sawun da gudu, suna komawa inda na fito.

Na ci gaba har na iso bakin Tafkin Madubi, wanda ba a ganin ƙarshensa, ruwansa kuma garau har kana ƙidaya duwatsun ƙasansa. Na ɗinke fatar akuya na hura ta, na hau na kama iyo. Ban san kifayen tafkin nan suna da fukafukai da baki kamar tsinke ba. Suka taso garke guda, suka huda fatar, na fara nutsewa ina salati. Sai na ji an cafke ni ta ƙeya an jefa ni cikin kwalekwale kamar buhu. Abin da na fara gani da na buɗe ido ƙafar mutumin ce, faffaɗa, da yatsu shida.

Ya ce, "Kalle su da kyau, baƙo, ba a biyan kuɗin kallo. Sunana Cindo, ka ga dalili. Kai kuma wane irin mahaukaci ne da zai shiga Madubi a kan akuya?"

Cindo ya kai ni gidansa a Birnin Tukurwa, birnin da aka kafa a kan turaku cikin ruwa. Matarsa Tabawa ta dama mini kunu mai zafi, ta yi mini faɗa kamar ta haife ni. Suna da 'ya'ya mata uku ƙanana, da mahaifiyar Cindo wadda idonta ya tafi, kuma duk bakin nan filafilin Cindo ne ke ciyar da su. A gidan na fara jin abin da na bar gida dominsa. Birnin Tukurwa ba shi da sarki. Unguwanni ke zaɓar wakilai su riƙa tafiyar da kasuwa da gadoji, amma yaƙi ya fi ƙarfin wakili, sai an tambayi kowa.

Ga yadda suke yi. Duk wanda ya kai shekara ashirin, namiji ko mace, ana ɗinka masa takalmin zaure, a buga alamarsa ta kansa a tafin, alamar da babu mai irinta. In maganar yaƙi ta taso, ana kwana uku ana muhawara a Babban Zaure. Rana ta huɗu kowa ya zo ba takalmi a ƙafa, nasa na zaure yana cikin jaka, a shiga wani dogon soro ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar soron akwai busasshiyar rijiya. Mai son yaƙi ya jefa takalminsa na hagu, wanda ba ya so ya wuce da jakarsa, babu mai ganin wani. In takalman rijiya suka haura rabin waɗanda suka shiga, yaƙi ya tabbata. Sa'an nan a karanta alamomin, kuma waɗanda suka jefa su ne za su tafi.

Cindo ya ce, "Ka gane? A nan in kana son yaƙi, da ƙafarka za ka je. Shekara arba'in rabon da rijiyar nan ta cika."

Wallahi ranar har ƙwalla na yi. Na ce tafiyata ta ƙare, na ga mutanen da suka fi kowa hankali.

Na kafa rumfa a bakin kasuwa ina gyaran takalma. Ba a yi sati uku ba sai ga wani dattijo mai fara'a, da tattausar murya, ya tsaya yana yaba ɗinkina. Aka ce mini Wakili Gwadabe ke nan, wakilin unguwar fatake, wanda in ya yi magana a Zaure ko tari ba a yi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Ya kama hannuna ya ɗaga ni.

Ya ce, "Haba, ba ma yin haka a nan. Ce mini yaya. Baƙo irinka mai hannu bai kamata ya zauna a rana ba."

Ya ba ni ɗaki a gidansa, ya ba ni kirgi mai kyau, muna ci a akushi ɗaya. Da zazzaɓi ya kwantar da ni shi da kansa ya riƙa ba ni magani a baki. Wata bakwai ina gidan nan. Na so mutumin nan, ba zan ɓoye ba, na so shi kamar wan da uwata ba ta haifa mini ba. Duk sanda na je gaida su Cindo ba ni da hira sai ta Gwadabe, har Tabawa ta ce in na ƙara ambatonsa za ta hana ni kunu.

Ana nan sai ga jakadiya daga Garin Kanwa, wani ƙaramin gari a hayin tafki ta arewa. Sarkin Baƙin Dutse ya kewaye su, ta zo neman Tukurwa ta kawo ɗauki. Birni ya rabu biyu. Wasu suka ce akwai tsohon alkawari tsakanin kakanni, kuma wanda ya cinye Kanwa bana zai leƙo Tukurwa baɗi. Wasu suka ce alkawarin na ciniki ne, ba na jini ba, a aika hatsi da masu sulhu. Ban raina kowane ɓangare ba, don na ga masu gaskiya a nan na ga masu gaskiya a can. Cindo yana cikin masu cewa a'a. Ya ce shi yana tausayin Kanwa, amma bakuna biyar ke jiransa kullum, in ya tafi wa zai tuƙa? Aka sa ranar rijiya bayan kwana arba'in.

A daidai lokacin nan Gwadabe ya kira ni, fuskarsa cike da damuwa.

Ya ce, "Ƙanena, wani abu na ci mini rai. Talakawan bakin ruwa, masunta da 'yan dako da masu kwalekwale, takalmansu na zaure duk sun ruɓe. Ranar rijiya ranar mutunci ce. Ina so in yi sadaka, a ɗinka musu sababbi, ka buga wa kowa alamarsa yadda take. Tsofaffin kuma ka tara mini, zan sa a ƙone."

Na ce, "Yaya, ai aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ba za a kira dukawan gari su taya ni ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Dukawan garin nan surutu gare su, ni kuwa ba na son a san sadakata. Su ma waɗanda za ka ba, ka roƙe su su yi shiru."

Na ji ya ƙara girma a idona. Ni da kaina na bi bakin ruwa gida-gida ina karɓar tsofaffi. Sun yarda da ni saboda Cindo, shi ya riƙa shiga gaba yana cewa, "Ku ba shi, baƙona ne, ni na tsamo shi." Ƙafa ɗari huɗu na ɗinka cikin kwana talatin da biyar, har yatsuna suka fashe. Na Cindo na fi ɓata wa lokaci, na faɗaɗa gaban yadda yatsa na shida zai sake. Da ya saka ya taka, sai ya ce tunda aka haife shi bai taɓa sa takalmin da bai cije shi ba sai yau.

Aka yi muhawarar kwana uku. Gwadabe ya goyi bayan yaƙi, ya yi magana kan alkawari da mutunci har mata suka yi ta share hawaye. Ni ina can bayan shinge inda baƙi ke tsayawa, ina ta alfahari da shi. Rana ta huɗu mutum dubu uku suka bi ta soro. Na lura barorin Gwadabe da na abokansa fatake jakunkunansu sun yi nauyi, amma ban kawo komai a raina ba. Da la'asar aka zura kwanduna aka kwaso takalma, aka ƙidaya a gaban kowa. Dubu ɗaya da ɗari shida da goma. Yaƙi ya tabbata da ɗan rinjaye, aka buga ganga, aka sallami jakadiya da albishir tun kafin a fara karanta alamomi.

Mai karatu ya fara ɗaga takalma ɗaya-ɗaya yana kiran masu su. Can sai na ga ya ɗaga wani tsoho, faffaɗan gaba, wanda gefensa ya ɓule inda yatsa na shida ya daɗe yana gogawa. Tun kafin ya buɗe baki na gane shi.

Ya ce, "Cindo mai kwalekwale, unguwar bakin ruwa!"

Cindo ya miƙe yana dariya, yana zaton kuskure ne. Ya zazzage jakarsa, takalma biyu suka faɗo, sababbi fil. Ya ce, "Ga nawa nan, dama da hagu. Ni ban jefa komai ba." Sai wani masunci ma ya zazzage tasa, sai wata mai dako, sai wani, har bakin ruwa gaba ɗaya ya tashi tsaye, Zaure ya kaure da hayaniya.

Shugabar Zaure wata tsohuwa ce mai suna Iya Dudu, ta buga sandarta aka yi tsit. Ta ɗauki tsoho da sabo ta duba tafinsu, alama iri ɗaya. Ta ce, "Kowane baduku a birnin nan ya yi rantsuwa tun ranar da ya fara riƙe basilla, ba zai buga alama ɗaya sau biyu ba sai an ƙone tsohon a gabansa da shaidu. Wane ne ya karya rantsuwa?"

A nan ne na gane komai. Ɗakin da aka ba ni, da akushin, da maganin da aka ɗura mini a baki, duk saboda ni kaɗai ne baduku a Tukurwa da bai yi rantsuwa ba, bai ma san da ita ba. Wata bakwai ana kiwona kamar ragon layya ina godiya.

Na tsallake shinge na ce, "Iya, ni na ɗinka. Wakili Gwadabe ne ya sa ni, ya ce sadaka ce, ya ce zai ƙone tsofaffin. A gidansa na tara su."

Na juya na dube shi, har a lokacin ina sa ran zai sunkuyar da kai. Ya tashi a hankali, ya dube ni da irin tausayin da ake duban mara lafiya.

Ya ce, "Jama'a, na ɗauki yaron nan kamar ƙanena, kowa ya gani. Sadaka kam na yi niyya, ban musa ba. Amma wa ya bi gida-gida ya karɓi takalman? Wa ya buga alamomin? Mun san daga ina ya fito? Ni dai yau na ji kunya, na rungumi baƙo ban bincika ba."

Na ce, "Yaya!"

Cindo ya yi tsawa ya ce a bar zancen wa ya yi, a sake jefawa gobe, kowa ya ga gaskiya. Bakin ruwa suka goyi bayansa. Na ɗauka shi ke nan, ai mutanen nan masu hankali ne. Sai wakilai suka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce an riga an buga ganga, jakadiya ta yi nisa, in aka janye wa zai ƙara yarda da maganar Tukurwa? Wancan ya ce soro ba shi da ido, ta yaya za a tabbatar mutum bai jefa tsohon da hannunsa ba sa'an nan tsoro ya kama shi? Wani malami mai furfura, wanda ma yana cikin masu ƙin yaƙin, shi ya ƙarasa ni. Ya ce shekara ɗari biyu rijiya ba ta taɓa ƙarya ba, in yau aka ce ta yi, gobe duk wanda bai ji daɗin hukunci ba zai ce a sake, daga nan sai a koma neman sarki. Ya faɗa yana kuka, kuma na san har zuciyarsa yake faɗa.

Aka ce masu son hukunci ya tsaya su ɗaga hannu. Waɗanda suka jefa da gaske suna son a tafi da yawa don kada su tafi su kaɗai. Waɗanda ba a kira sunansu ba sun samu lafiya, ba sa son a sake taɓa rijiya. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Hukunci ya tsaya, mutum ɗari huɗu na bakin ruwa za su tafi, ni kuma a fitar da ni daga ƙasar kafin rana ta faɗi gobe. 'Ya'yan Gwadabe uku suna zaune a sahun gaba, jakunkunansu a kan cinya, kowanne da takalmansa biyu.

Na faɗi gaban Iya Dudu na ce a bar ni in tafi a madadin Cindo. Ta dube ni ta ce doka ta yarda ɗan'uwa ya karɓi ɗan'uwa in takalmin ya zauna masa, ya taka daga nan zuwa ƙofa. Na zura ƙafata a tsohon takalmin nan. Na damƙe yatsuna, na ja ƙafa, taki ɗaya, taki biyu, a na uku ya suɓule ya bar ni. Wasu suka yi dariya. Ni da na juya tafin takalmi na ɓatar da rundunar sarki, ranar na rasa dabarar da zan yi da yatsa guda.

Washegari da hantsi aka nemi mai kwalekwalen da zai fitar da ni, kowa ya ƙi, sai Cindo ya ce shi ya kawo ni, shi zai mai da ni. Tabawa tana tsaye a bakin gada da yaran. Na gaishe ta, ta dube ni ta kau da kai. Muka yi nisa cikin tafki, Cindo yana ta tuƙi.

Na ce, "Cindo, ga hayi can. Mu tafi tare. Daga baya a aiko a ɗauki su Tabawa."

Ya ce, "In ban je ba za a soke alamar gidana, a kore su daga kan turaku. Tsohuwa makauniya za ta bi ni daji?"

Da muka kusa gaɓa ya ɗora filafili a cinya, ya dube ni sosai.

Ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka, Nomau. Ka sani?"

Na ce, "Na rantse da Wanda ya halicce ni ban sani ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na yarda. Amma ƙafa ɗari huɗu, duk na talakawa, duk a ɓoye, ana saura kwana arba'in rijiya. Ko sau ɗaya ba ka zo ka tambaye ni ba. Ni kuma da na ga kai ne, ban tambayi kowa ba." Ya miƙo mini ƙunshin busasshen kifi. "Tabawa ta ce in ba ka, ta ce kada in ce ita ce. Sauka, ina da shiri."

Na sauka. Ya juya kwalekwalen bai waiwayo ba.

Shekara tara bayan haka, a wata kasuwa mai nisa, na haɗu da wani falke ɗan Tukurwa yana sayar da kanwa. Ban faɗa masa sunana ba, na dai sa shi hira. Ya ce ai an ci yaƙin, kuma tun daga lokacin rijiyoyin kanwa suna hannun fataken Tukurwa, su mutanen Kanwa ɗin leburori ne a ciki. Na tambayi 'yan bakin ruwa, ya ce su aka sa a gaba don sun iya ruwa, sittin da ɗaya suka dawo. Na ce akwai wani mai yatsu shida. Ya ce ya san shi, a mashigin farko ya faɗi, matarsa ce ke tuƙa kwalekwalen yanzu.

Na ce, "Wakili Gwadabe fa?"

Ya ce, "Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne shugaban Zaure tun rasuwar Iya Dudu. Shi ya yi jawabi a kan mamatan, babu wanda bai yi kuka ba. Shi ya kawo dokar da ta hana baƙo riƙe basilla a birninmu, saboda wani la'ananne da ya taɓa zuwa ya cuce mu. Har yanzu in yaro ya ƙi jin magana, uwarsa cewa take za ta kira masa Nomau baduku."

Ya auna mini kanwa, ya ƙara mini gyara, ya ce na yi kama da mutumin kirki. Na karɓa na yi godiya.

Iyakar abin da na gani ke nan a Birnin Tukurwa, na faɗe shi yadda ya faru, har da rabona na laifin. Wanda hanya ta kai shi can, ya nemi wata mata mai tuƙa kwalekwale a bakin ruwa, ya shiga nata, kada ya ce ya san ni.